Ciwon daji na mama ya kai ƙashi, likita kuwa da maigida yake magana

Tambaya: Ni mace ce daga Tawa, shekaruna 44, ɗiyana biyar. Bara aka cire mini maman hagu. Kwanan nan aka yi mini sikana a Yamai, likita ya yi wa maigidana bayani da Faransanci, ni kuma ya ce in yi haƙuri. Sai a mota, da na matsa, maigida ya ce ciwon ya taɓa ƙashi. Tun ranar ba barci, kuka nake a ɓoye, ina ganin kamar tawakkalina ne ya yi rauni. Ina son gaskiya, ina kuma tsoronta. Yaya zan yi?

Amsa: Sannu ƴar'uwa, Allah Ya kawo sauƙi, Ya sa kaffara ne. Kukan nan kada ki ɗora wa kanki laifi a kansa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Ɓoyewar ce ta fi damuna. Ki samu mutum ɗaya, yayarki ko aminiya, wadda za ki yi kuka gabanta ba tare da ta yi saurin rufe miki baki da "yi haƙuri" ba. In rashin barcin ya ɗauki makonni, abinci ya fita ranki, ki faɗa wa likita, shi ma abu ne da ake yi wa magani.

Ciwon da ya bar mama ya kai ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa, shi muke kira mataki na 4. Ba zan rufe ki ba: a wannan mataki ba a cika raba mutum da shi gaba ɗaya ba. Amma ana danne shi, kuma wanda ya tsaya a ƙashi kaɗai ya fi jin magani. Akwai matan da suke shekaru suna hidimar gidansu. In irin wanda sinadarin mata ke ciyarwa ne, ƙwaya irin su tamoxifen tana yi masa birki. Akwai ƙarin ruwan shimiyo, wato maganin da ke kashe ƙwayoyin ciwon daji. Tun 2021 kuma cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, CNLC, a Yamai tana da na'urar ƙona ciwon da haske, wadda da sai an fita waje, kuma tana rage zafin ƙashi sosai.

Mu likitoci muna da wannan ɗabi'a ta juyawa wajen miji, wani lokaci don layi ya yi tsawo, wani lokaci don mu ma muna tsoron karya zuciya. Ban goyi bayanta ba. Jikinki ne, ranar komawa ki ce kai tsaye: "Likita, da ni za ka yi magana, da Hausa." In Zabarmanci da Faransanci kaɗai yake ji, ki roƙi majo ko wata ma'aikaciya ta fassara. Kada maigida ya zama shi kaɗai ne tafinta, don son da yake miki zai sa ya tace maganar.

Na tuna wata baiwar Allah da ta kwance bakin gyalenta ta fito da ƴar takarda, ɗiyarta ƴar lakkol ta rubuta mata tambayoyi uku. Hannunta na rawa, amma ba ta tashi ba sai da muka bi su duka. Ki yi haka. Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: wannan maganin don me ake ba ni shi, me kuma zan gani in yana aiki? Sannan ki tambayi wahalarsa, da ko akwai abin da za a iya ci gaba da yi miki a Tawa, don kilomita sama da 500 ba wasa ba ne ga mai ciwon ƙashi, ga kuɗin mota da na masauki.

Kina kuma da ikon cewa ya isa haka yau. In ba ki son zancen yawan kwanakin da suka rage miki, ki faɗa tun farko. Likita kintace kawai yake yi daga abin da ya gani ga wasu.

Zafi kuwa, kada ki daure don kunya. Morfin ba alamar an sallame ki ba ce; a kan lokaci ake shansa, ba sai zafi ya taso ba, yana kuma ɗaure ciki, don haka ki nemi maganin sassauta ciki tare da shi. Duk saiwa ko jiƙon da aka kawo miki, ki nuna wa likita kafin ki sha. In kuwa ciwon baya ya tsananta, ƙafafu suka yi nauyi ko fitsari ya ƙi riƙuwa, kada ki jira ranar randebu, a kai ki asibiti a ranar.