Yadda ake kafa hinji a fiffiken jirgin rimot

Ka tambaya me ya sa faifan sarrafawa na bayan fiffikenka yake yin tauri bayan an manna hinji. Galibi gam ne ya yi kauri, ko kuma tsagar da ake soka hinjin a ciki ta kauce daga tsakiyar katakon balsa, wato katako marar nauyi da ake ƙera jirgin da shi.

Idan hinjin leda mai shan gam kake amfani da shi, ka ja layi a tsakiyar kaurin katakon fiffiken da na faifan, ka tsaga da wuƙa mai kaifi, sannan ka huda ramin kimanin milimita 2 a tsakiyar tsagar domin gam ya ratsa har ciki. Ka soka fil a tsakiyar hinjin don rabinsa ya shiga kowane ɓangare daidai, ka haɗa fiffiken da faifan ba tare da gam ba tukuna. Bayan ka cire fil ɗin, ka lanƙwasa faifan iyakar yadda zai motsa yayin da jirgin ke tashi, ka ɗiga gam mai ruwa-ruwa sau 5 ko 6 a kowace fuskar hinjin.

Ratar da ke tsakanin fiffiken da faifan kada ta wuce kaurin katin waya, domin faɗinta yana jawo karkarwa a iska, abin da kan wargaza jirgi nan take. Idan gam ɗin ya bushe, ka ja faifan da ƙarfi don ka tabbatar hinjin ya kama kafin tashin farko.