Zan je Japan, a ina zan samo gem ɗin yarintarmu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wurin aiki za su tura ni kwas na wata biyu a Tokyo. Tun muna yara muke buga Super Mario a ƙaramar na'urar nan mai kaset rawaya da ake sayowa a Sabon Gari. Ina so in samo ta asali da kasusuwanta, in nuna wa yarana. An ce in je Akihabara. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ka lafiya. Wadda kuka buga kwaikwayo ce, ta asalin sunanta Famicom, kamfanin Nintendo ya fitar da ita a Japan a 1983. Wani abin daɗi shi ne kaset ɗin Famicom mai haƙori 60 ne, irin na waccan ta Sabon Gari, don haka yawancinsu za su hau ta idan har tana nan a ɗakin Hajiya. Na NES kuwa, wato samfurin Famicom na Amurka da Turai, haƙori 72 ne, ba ya shiga.

Akihabara, unguwar kayan lantarki ta Tokyo, ka je, amma ka je kallo. Akwai shago mai suna Super Potato, bene kan bene na tsofaffin gem, ido zai sha. Sai dai duk baƙon da ya sauka Tokyo can yake nufa, farashin ma ya san da haka. Idan sayayya kake so, hau jirgin ƙasa ka fita bayan gari ka nemi Hard Off, shagunan kayan hannu ne masu rassa ko'ina a ƙasar, da kuma Book Off. Iyakar nisanka da tsakiyar birni, iyakar sauƙin da za ka samu. A Hard Off akwai sashen da suke kira janku, kaya ne zube a kwanduna shuɗɗa, ba garanti, ba a mayarwa. Kaset na janku ina saye ba fargaba, domin sau da yawa datti ne kawai a haƙoran, auduga da ɗan sifirit sun wadatar. Na'ura kuwa, in ba ka da mai gyara a gida, ɗauki wadda suka gwada suka naɗe a leda.

Inda mutanenmu suke tafka asara shi ne wuta. Japan bolt 100 take amfani da shi, mu kuma 230. Ka jona adaftar da ta zo da na'urar a soket ɗin gidanka, hayaƙi za ka gani kafin ka ga Mario. Ko dai ka haɗa da taransfoma mai rage wuta, ko ka sayi sabuwar adafta da aka rubuta 100–240 a jikinta, wadda aka yi musamman don Famicom. Kada yaro ya ɗauko wata adafta don kawai bakinta ya shiga. Ta NES ma, duk da kamfani ɗaya ne, tana iya ƙona ta.

Sai talabijin. Famicom ta farko, fara da ja, ta wayar eriya kaɗai take fitar da hoto, a kan tashoshin Japan, kuma za ta wahalar da kai. Nemi samfurin 1993 da ake kira AV Famicom, mai wayar rawaya da fara da ja. Ta fi tsada, amma ita ce ta mai son bugawa. Tsarin hotonsu NTSC ne, namu PAL. Yawancin talabijin na yanzu suna karɓar duka biyu, tsofaffi kuwa sai su ba ka hoto ba launi.

Ni da za ka bi tawa, da ka ƙara da Game Boy, 'yar na'urar gem ta hannu. Batir huɗu take ci, ba ruwanta da wutar gari ko talabijin, kuma kaset ɗin kowace ƙasa yana hawa. Super Famicom ta 1990 da PlayStation ta 1994 kuwa a kulle suke da yankinsu.

Wajen zaɓen kaset, ka tuna yaranka ba sa jin Japananci. Dragon Quest da Final Fantasy suna da arha a can, amma rubutu ne tsagwaronsa. Mario da Tetris da Street Fighter II ba sa bukatar tafinta. Kaset masu ajiye inda aka tsaya kuma da ɗan batir a ciki, mai shekara talatin da wani abu, sai an canza.

Kwali da takardar bayani su ke ninka kuɗi, kuma na masu tarawa ne. Tunda yara za ka miƙa wa, sayi kaset tsirara, ka sa su a jakar hannu, na'urar kuma ka naɗe ta cikin kaya a tsakiyar akwati.