Tagogin Blender sun ɓace min, mai gyara ya ce sai an yi wa kwamfutar fomatin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a Zariya. Da Blender nake zana gado da kujeru da kabad na kicin, in nuna wa mai kaya kafin a yanka katako. Shekaranjiya hannuna ya taɓa wani abu, sai jerin da ke gefen dama ya ɓace, allon ya rabu gida huɗu, gadon da nake zanawa ma ban ƙara ganinsa ba. Na danna Ctrl+Z har na gaji. Na goge manhajar na sake sakawa, da na buɗe fayil ɗin sai na tarar da shi yadda na bar shi. Mai gyara ya ce bairos ne, sai an yi fomatin, kuma zai saka min "ta asali" in na ƙara kuɗi. Kayan ɗakin amarya ne, biki saura mako biyu. Don Allah aikin nawa ya tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, gadonka na nan cikin fayil. Abu ɗaya nake roƙonka tun kafin ka gama karanta wannan amsar: in kwamfutar tana shagon mai gyaran nan, je ka karɓo ta yanzu.

Yadda ka kwatanta, abu biyu ne suka haɗu. Rabuwar allo gida huɗu aikin Ctrl+Alt+Q ne, mai nuna zane ta sama da gaba da gefe a lokaci guda. Ajiye linzami a kan tagar ka sake dannawa, za ta koma ɗaya. Ɓacewar Outliner da Properties, wato jerin da ke gefen dama, kuwa yawanci Ctrl+Space ne ke jawo ta, domin yana faɗaɗa tagar da linzami ke kai ta rufe sauran. Duba can sama, za ka ga Back to Previous. In kuwa jan kusurwar taga ka yi ba da sani ba har ta tsage, danna dama a kan layin da ya raba su ka haɗe su. In ba ka son wannan wahalar, alamar + da ke ƙarshen jerin Layout, Modeling, Sculpting da sauransu za ta ba ka sabon Layout fes, sai ka goge tsohon. Ctrl+Z bai yi maka komai ba ne saboda abin da ka yi wa zane yake mayarwa, babu ruwansa da tsarin tagogi.

Shi kuwa gadon, fara da Alt+H, ko H ka taɓa ka ɓoye shi. Sannan ka danna Home, allon zai tattaro duk abin da ke fili. In ka ga kalmar Local a kusurwar hagu ta sama, to ka keɓe abu ɗaya ne da alamar /, sake danna ta.

Yanzu mu zo kan maganar da ta fi damuna, domin kusan kullum sai an kawo min irinta. Mutanenmu sun ɗauka cewa da zarar fuskar manhaja ta sauya, to manhajar ta lalace, kuma maganin lalacewa shi ne gogewa, in gogewa ta ƙi sai fomatin. Ai kai ma ka gwada rabin maganin ka ga bai yi ba. Ga dalili. Blender na adana tsarin tagogi a cikin fayil ɗin .blend ɗin kansa, tare da zanen. Duk inda ka kai fayil ɗin, ko sabuwar kwamfuta ce dal daga kwali, da rikitattun tagoginsa zai buɗe. Wato ko da mai gyaran ya yi fomatin ya mayar maka da fayil ɗin, allonka na nan gida huɗu, kuɗinka kuma ya tafi. Abin da ake yi shi ne File, Open, sai ka taɓa alamar saiti, mai kama da ƙaramar taya mai haƙora, da ke saman tagar ta dama, ka cire alamar da ke kan Load UI, sannan ka buɗe. Zanen zai shigo, tagogin su tsaya a tsarin da manhajar ke kai. Ka adana da sabon suna. Aikin minti ɗaya ne.

Saitin da ka zaɓa wa kanka ma ba ya zama wuri ɗaya da manhajar. A Windows yana cikin AppData, Roaming, Blender Foundation, Blender, sai lambar sigar, sai folda mai suna config, inda userpref.blend da startup.blend suke. Goge manhaja ba ya taɓa su. Wanda bai san wannan ba sai ya ga matsala ta dawo bayan an sake sakawa, ya ce lallai bairos ne. Babu bairos ɗin da zai zauna yana jera maka tagogi. Fomatin a kan wannan matsala daidai yake da rushe ɗaki don yara sun juya kujeru.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya a asarar kuɗin gyara ba. Blender na yi maka ajiyar sirri duk minti 2 a foldar Temp, kuma idan ka rufe shi yakan bar kwafi mai suna quit.blend. Su ne ake ɗaukowa ta File, Recover, kuma ajiyar minti 2 ɗin ce ke cetonka ranar da aka ɗauke wuta batir ya mutu kana tsakar aiki. Kusa da kowane fayil kuma akwai mai ƙarewa da .blend1, wato yadda aikin yake kafin adanawarka ta ƙarshe. Mai fomatin zai ce maka ya kwashe komai a filash, amma abin da ya gani a Desktop da Documents kawai yake nufi. Bai san da Temp ba, bai san da AppData ba, hotunan katako da yadin da ka lulluɓa wa kujerunka ma in suna wata folda daban haka za su bi ruwa, ka buɗe zane ka tarar komai ya koma ruwan hoda. Ban ce duk masu gyara haka suke ba, akwai masu tsoron Allah da za su ce maka wannan ba fanninsu ba ne. Amma da yawa fomatin ne kaɗai abin da suka iya, ko sautin kwamfuta ne ya ɗauke.

Batun "ta asali mai kuɗi" kuwa, ƙarya ce tsagwaronta. Blender kyauta ne tun 2002, lokacin da Ton Roosendaal, ɗan ƙasar Holan da ya ƙirƙiro shi, ya nemi gudummawar jama'a aka tara Yuro 100,000 cikin mako 7, aka fanshi manhajar aka sake ta ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da ita da rarraba ta. Babu ta masu kuɗi, babu ta talakawa. Wadda ke blender.org ita ce manyan kamfanoni ke aiki da ita. Duk wanda ya ba ka Blender mai "kirak", wato wadda wai an fasa mata makulli, ya ce ka kashe antibairos kafin a saka, to a ranar ce bairos na gaskiya zai shiga kwamfutarka, wadda wataƙila da ita kake shiga asusun banki.

Idan allon ya dawo daidai, ka zauna ka tsara shi sau ɗaya. Kai kafinta ne, ba ka bukatar Timeline da ke ƙasa, haɗe ta da babbar taga ka sami fili. Shiga Scene Properties, Units, ka mayar da Length zuwa santimita ko milimita. Masu sana'arka kan rubuta 2000 suna nufin milimita alhali manhajar na kan mita, sai gado ya zama kilomita 2, ya wuce iyakar ganin allo wadda take mita 1000, su ce ya ɓace. Duba wannan ma a naka. In laftof ɗinka ba ta da madannan lamba na gefe, akwai Emulate Numpad a Preferences, Input, sai dai zai ƙwace maka 1, 2, 3 da kake sauya zaɓi da su a Edit Mode. Ni na fi son mutum ya bar shi a kashe, ya yi amfani da ƙwallayen X, Y, Z da ke kusurwar dama wajen juya kallon zane. Linzami mai taya kuwa ka saya, ya fi Emulate 3 Button Mouse sauƙi nesa ba kusa ba. Umarnin da kake yawan nema, irin su Bevel, danna dama a kansa ka saka shi a Quick Favorites, harafin Q zai riƙa kawo maka shi. Madannan kuma kada ka sauya su tukuna, in ba haka ba duk darasin da ka kalla malamin zai danna abu ya yi masa, kai ya ƙi maka.

Ka yi wannan tsarin a fayil marar komai, sannan File, Defaults, Save Startup File, domin duk abin da ke allo a lokacin shi zai riƙa buɗe maka kullum, har da gadon amarya in ka manta shi a ciki. Load Factory Settings na nan a wurin don ranar da abu ya cakuɗe, amma ka adana aikinka kafin ka taɓa shi. Daga nan ka kwafi foldar config da fayil ɗin gadon ka zuba a filash, yau ba gobe ba.