Tafiya Abzin daga Maradi: za mu iya kwana cikin ƙorama?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Maradi. Mu huɗu ne muke son zuwa Abzin da mota a hutun watan Agusta, mu taka kwazazzaban Timia da ƙafa, mu kwana a daji. An ce mana cikin ƙorama ya fi daɗin kwana saboda rairayi da inuwa. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Maganar daɗi kam gaskiya ce, amma a watan Agusta wannan shawara tana iya halaka ku.

Damanar Abzin gajeruwa ce, daga Yuli zuwa Satumba, kuma idan ruwan ya tashi zuwa, da ƙarfi yake sauka a kan tsiraren duwatsu. Dutse kuwa ba ya shan ruwa. Duk abin da ya zuba sai ya gangaro ya haɗu a ƙorama guda, ya kwaso itace da manyan duwatsu. Kuna iya kwanciya sama tas ba ko gajimare, alhali can nesa an tafka ruwa tun la'asar. Ku mutanen Maradi kun san haka, Gulbi yakan ciko ko ɗigo bai sauka a gari ba, don daga ƙasar Katsina ruwan ya taso. Bambancin shi ne a kwazazzabo bango ne dama da hagu, babu wajen gudu, motar ma ba ta tsira. Abzinawa ba sa kafa bukka a tsakiyar ƙorama da damina. Ku dubi inda tsohon ruwa ya bar ciyayi da karmami maƙale a jikin itatuwa, ku hau sama da nan kafin ku shimfiɗa tabarma.

Da ni ne, sai in ɗage tafiyar zuwa hutun Disamba. Ƙoramu sun bushe, rana ta yi sauƙi, lambunan Timia sun cika da lemu. Sai dai sanyin dare a can ya wuce hunturun da kuka saba da shi, musamman a tudun Bagzan, inda dutsen Idukal-n-Tages yake, mai tsawon mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Bargo ɗaya ba ya isa.

Hanya biyu ce zuwa Agadas: ta Damagaram da Tanut, ko ta Ƙonni da Tawa da Abalak. Ku tambayi direbobin tasha wadda ta fi dama a lokacin. Daga Agadas zuwa Timia ya haura kilomita 200, ba kwalta, sai dutse da rairayi. Ƙaramar mota ba ta aikin nan, sai kat-kat, wato mota mai ja da taya huɗu, kuma motoci biyu sun fi ɗaya. Ku riƙe taya biyu ta ajiya, shebur, igiyar ja, da jarkokin mai. Ruwan sha kowane mutum lita 5 a yini in zai yi tafiyar ƙafa, ban da na girki da alwala. Ku fita da asuba, ku huta da hantsi ya yi zafi. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa, kunama na son ɗumi.

Sai batun tsaro, wanda ba na so ku ɗauka da wasa. Tun 1991 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa yankin Abzin da Tenere cikin kayan gadon duniya, amma shekara guda bayan haka ta sa shi cikin waɗanda ke cikin haɗari, lokacin tawayen Abzinawa. An binne nakiyoyi a rikicin 2007 zuwa 2009, sannan tun da aka fara haƙar zinariya a 2014 'yan fashi suka ƙaru a hanyoyin arewa. Kada ku bar sawun da motoci ke bi. Idan kun isa Agadas ku je wajen jandarmomi ku ji ko an yarda a bi hanyar, ko sai da rakiya, ku kuma ɗauki ɗan jagora ɗan ƙasar mai jin Tamashek. Waya ba ta kamawa a yawancin kwazazzaban, don haka ku gaya wa wani a gari ranar da za ku dawo.