Tambayi Kafinta: Tsintsiyar da Ake Hawa a Fim

Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Kadpoly, wato kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna. Ni da abokaina muna ɗinka kaya irin na jaruman finafinai, mu saka mu ɗauki hoto. A wannan karon ina son tsintsiya mai tashi sama irin ta fim ɗin Harry Potter. Na ɗaura tsintsiyar kwakwa a jikin sandar mofa, amma duk wanda ya gani sai ya ce shara zan tafi. Wadda ake sayarwa a intanet kuwa, kuɗinta da na kawowa sun fi ƙarfina. Ina mafita?
Sadiƙ, Tudun Wada

Wa alaikumus salam, ɗana. Sandar mofar nan ita ta kashe maka aiki. Inji ne ya fere ta, ta miƙe sambal, kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa, kuma ido ya riga ya san ta a bayan ƙofar kowane gida. Ka sake kallon ta fim ɗin da kyau. Ƙotar tana da ɗan lanƙwasa, ta yi kauri a inda mutum ke zama, ta sirance wajen hannu, kanta ya ɗan ɗaga kamar wuyan agwagwa. Wannan lanƙwasar ce ke gaya wa mai kallo cewa abin hawa ne.

Ka kwantar da hankalinka game da ta intanet. A littafin Harry Potter na farko, wanda ya fito a 1997, da katakon mahogani aka ce an yi ƙotar tsintsiyar yaron. To, maɗacinmu shi ne Turawa ke kira mahogani na Afirka, kuma dogon yaron da ke ƙofar gidanku ma danginsu ɗaya. Abin da wani zai saya da dala, kai a ƙarƙashin inuwarsa kake shan iska.

Hanya biyu ce. Ta farko, wadda na fi so, ka nemi reshen da Allah ya halitta da lanƙwasarsa. Kada ka hau bishiyar bakin titi da adda. Ka bi masu sassabe bishiyoyin gidaje kafin damina, ko ka tsaya wurin masu itacen girki ka tona tulin da hannunka. Kana neman mai tsawon da zai kai maka kafaɗa in ka tsayar da shi, wajen mita ɗaya da rabi ke nan, kaurinsa inci ɗaya da rabi zuwa biyu. Ka bar ƙirya, nauyinta na taɓarya ne, kafin a gama ɗaukar hoto hannunka ya sage. Hanya ta biyu, ka zana siffar a kan kwali, ka yanke, ka ɗora a kan katakon maɗaci mai kaurin inci biyu, masu injin katako su bi maka layin. Sai dai kada lanƙwasar ta yi tsanani, domin duk inda zarto ya ratsa jijiyar katako a karkace, nan ne zai karye ran da wani ya jingina da shi.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da hannu biyu: kada ka yi aiki da ɗanyen itace. Wata shekara wata makaranta ta ba ni aikin kayan wasan kwaikwayon ƙarshen zango, har da tsintsiya irin wannan. Na sari reshen dogon yaro a ƙarshen Oktoba, na ɓare shi a ranar, na jingina shi a rana don ya yi saurin bushewa. Na fere, na goge, na shafa folish, ya yi ƙyalli gwanin sha'awa. Da hunturu ya kankama a Disamba, saura kwana biyu a yi wasa, na buɗe shago da safe na tarar ya tsage tun daga kai har tsakiya, tsagar da yatsana ke shiga. Yarinyar da za ta riƙe ta ta yi sati uku tana gwaji da ita. Kwana na yi a shago ina fere wata, kuma har yau ban manta fuskarta ba lokacin da ta ga ta farkon. Iskar hunturun Kaduna tana zuƙe ruwan bayan itace alhali cikinsa na jiƙe, bayan ya tsuke, cikin ya ƙi, sai ya fashe. Maganin shi ne ka narka kyandir ka toshe bakin reshen biyu, ka bar ɓawon a jiki, ka kwantar da shi a inuwa inda iska ke ratsawa, a kan bulo don gara. Reshe mai wannan kauri nakan ba shi wata uku kafin in taɓa shi.

In ya bushe, ka ɓare, ka rage da gizago, ka daidaita da magagari, sannan samfefa: mai lamba 80, sai 120, sai 220. Kada ka goge duk wani ƙulli da tabo. Ƙullin nan shi ne kyan abin. Ka rufe ido ka bi sandar da tafin hannu, inda ya karce ka nan kaɗai za ka koma. In maɗaci ne, ruwan kanwa kaɗan yakan sa jansa ya ƙara duhu, amma ka fara gwadawa a kan guntu. Bayan haka ka shafa sanda-sila, ruwan nan da ke toshe ƙofofin katako kafin folish, sau biyu, folish sau biyu, kana gogewa sama-sama a tsakani. Kada ka yi folish ranar da hazo ya sauko, ƙura za ta zauna a kai kamar an barbaɗa gari.

Sai jela. Tsintsiyar gargajiyar Turai, wadda aka kwaikwaya a fim, da ƙananan rassan wata bishiya ta ƙasar sanyi ake yin ta, bishiyar da ba ta fitowa a nan. Ba asara. Ni hawa uku nake yi. Na ciki tsintsiyar kwakwa ce, ɗauri biyu ko uku, ita ke ba da cika ba tare da nauyi ba. Na tsakiya tsintsiyar laushi, tana toshe ramuka. Na waje, wanda ido zai gani, tsumagiyar tsamiya ko rassan geza, sirara, waɗanda ka zaɓa ɗaya bayan ɗaya kuma suka bushe, domin ɗanye in ya bushe a ɗaure yakan rame ɗaurin ya saki. Tsawon jelar ya kai santimita 50 zuwa 60.

Kafin ka ɗaura komai, ka huda ƙotar wajen taƙi ɗaya daga gindinta, ka zura ƙusa mai inci huɗu ta gicciye. Ita za ta hana jelar zamewa. Ka jera hawan farko kewaye da ƙusar, ka matse da zoben nan mai noti da makanikai ke ɗaure tiyon lagireto da shi. Ka zuba gam ɗin katako a gindin, ka ɗora hawa na biyu, wani zoben, sannan na uku ka ɗaure da waya. Siffar da kake nema ita ce ta albasa mai dogon wuya: matsattsiya a maɗauri, ta buɗe a ciki, ta sake tsukewa a baki. Don samun haka, ka yayyafa wa jelar ruwa, ka naɗe rabinta na ƙasa da robar tif ɗin keke, ka rataye ta kwana uku. Ranar da ka kwance robar za ka ga tsinkayen sun haɗa baki wuri guda kamar harshen fitila.

Abin da ya rage shi ne ɓoye waya. Ka shiga kasuwar Panteka, ga ta nan kusa da makarantarku, ka nemi siririn fallen tagulla ko na alminiyon a yanka maka zobe biyu ko uku. In kana son matakin ƙafa irin wanda ke jikin wasu tsintsiyoyin fim ɗin, mai walda zai lanƙwasa maka rodi siriri cikin minti kaɗan. Ni dai na fi son jar fatar dukawa, wadda aka rina da karan dafi, a yanka ta tsirkiya a naɗe ta layi-layi. Tana zama daram a kan maɗaci kamar tare aka halicce su.

*

Malam, barka da aiki. Ɗana mai shekara tara ya dame ni da maganar tsintsiyar nan, za su yi bikin shigar kaya a makaranta. Kakarsa ta ce ba za a shigo mata da kayan mayu gida ba. Ni kuma tsorona kada ya ɗauka da gaske tana tashi.
Maman Hanif, Unguwar Rimi

Hajiya, barka kadai. Tsoronki na biyu shi ya fi damuna, don haka da shi zan fara. Yaro mai shekara tara ya san fim ba gaskiya ba ne, amma in yana da ƙani mai shekara huɗu, shi bai sani ba, kuma katangar gida ba ta da nisa. Ki zaunar da su duka ki nuna musu yadda aka yi. A Ingila aka ɗauki finafinan nan, a sutudiyon Leavesden da ke kusa da Landan, na farko ya fito a 2001. Ɗan wasan yana zaune ne a kan tsintsiyar da aka kafe a jikin wani inji mai juya ta, da ɗan sirdi a ɓoye ƙarƙashin rigarsa, bayansa ƙyalle kore ko shuɗi, fanka na kaɗa masa gashi. Daga baya aka cire ƙyallen a kwamfuta aka sa sararin sama. Bidiyon yadda aka yi yana nan a YouTube. Yaron da ya ga injin da idonsa ba zai hau katanga ba.

Ta yaro kuma kada a yi da katako mai nauyi, kada a sa ƙusa, rodi ko tsinke mai tsini, saboda idon abokan wasansa. Fayif ɗin roba na ruwa, mai inci ɗaya, tsawon mita ɗaya, ya isa. A cika shi da busasshen yashi, a toshe bakin, babba ya gasa shi nesa-nesa da garwashi a tsakar gida yana juyawa, ba a ɗaki ba, kuma kada ya bari ya ƙone domin hayaƙinsa guba ne. Da ya yi laushi a lanƙwasa, a riƙe har ya huce, a zubar da yashin. A karce shi da samfefa mai kaushi a tsaye don ya yi layi-layi kamar itace, a shafa fenti ruwan ƙasa, a goge da tsumma tun bai bushe ba. Jela da tsintsiyar laushi zalla.

Maganar Hajiya babba kuwa, ba za a yi mata gardama a gidanta ba. Fatawa ta malamai ce. Abin da ni kafinta zan shaida shi ne abin da ke cikin kayan: roba, ciyawa da gam. Ki sa a haɗa ta a gabanta, ta ga tsintsiyar da aka sayo a Kasuwar Barci ce aka kwance aka sake ɗaurewa. In ta gani hankalinta ya kwanta, alhamdu lillahi. In bai kwanta ba, a bar ta. Ki kawo mini yaron in fere masa takobi da garkuwar katako, ya je bikin a matsayin ɗaya daga cikin mayaƙan Sarauniya Amina ta Zazzau. Ba zai ji an rage shi da komai ba.

*

Baba, ni ce mai ɗaukar hoton ƙungiyarmu. Za mu je wani taron masu shigar kaya a Abuja ta jirgin ƙasa. Yaya za mu yi da tsawon tsintsiyar? Kuma yaya zan sa ta fito kamar tana sama?
Rukayya, Barnawa

'Yata, ku yi ta gida biyu. A yanke ƙotar daidai inda ta shiga jela, a sa soket ɗin fayif na ƙarfe mai zare, namiji a ɓangare ɗaya, mace a ɗayan, a kafe su da gam ɗin Araldite. Naɗin fata zai rufe mahaɗin. Da kin murɗe, jela ta shiga buhu, sanda ta zama kamar ta dogarawa, ba mai tsayar da ku dogon bayani a Keke Napep ko a tashar Rigasa. Ki zura jelar cikin ƙafar tsohon wando kafin buhu, kada tsinkayen su kakkarye. Abu ɗaya: mai mahaɗi ba ta ɗaukar nauyin mutum, riƙe ta kawai ake yi tsakanin ƙafafu.

Hoto kuwa ba ya bukatar kowa ya hau ko'ina. Ki kafe wayar wuri guda, ƙasa-ƙasa, tana kallon sama kaɗan. Mutum ya zauna a kan doguwar kujera marar majingina, ya ɗage ƙafafu baya, wani ya ja masa bakin alkyabba da zare daga gefe. Ki ɗauka. Sannan kowa ya fita, a ɗauke kujerar, ki sake ɗaukar wurin ba tare da wayar ta motsa ba. In kin ɗora hoton farko a kan na biyu, kujerar da zaren kawai za ki goge. Ki kula da inuwar kujerar a ƙasa, ita ke tona asiri. Bayan la'asar hasken ya fi kyau, kuma gajimaren ƙarshen damina, wajen Satumba, ya fi duk wani ƙyallen sutudiyo.

*

Oga, na yi guda biyu sun yi kyau, mutane na tambaya. In rubuta musu sunan ta fim ɗin, Nimbus 2000, in sayar?
Kabiru, Kakuri

Ƙanena, madalla da hannunka. Wadda za ka rataye a ɗakinka, rubuta abin da ka ga dama. Ta sayarwa kuwa, sunan nan alamar kasuwanci ce ta Warner Bros., kamfanin da ya shirya finafinan, kuma shafukan sayarwa na intanet sukan sauke kayan da aka sa wa suna ba da izini ba. Ka raɗa wa naka suna: Guguwa, Shaho, Walƙiya. Ka rubuta da fensir kusa da kan ƙotar, da boko ko da ajami, ka kai wa mai zanen ƙwarya ya bi da wuƙarsa mai zafi, sannan ka cika ramin da fenti ruwan zinare da tsinken ashana. A yi wannan kafin folish na ƙarshe, don folish ɗin ya rufe rubutun ya kare shi daga gumin hannu.