Araha ba ta ado: amsoshin wasiƙunku kan gini inda ƙasa ke girgiza

Wasiƙu huɗu na tsamo wannan makon, dukkansu daga masu son gini da ƙaramin ƙarfi a karkarar da ruwa ke wuya, ƙasa kuma kan motsa.

Ta farko daga wata baiwar Allah ce: "Malam, maigidana ya rasu ya bar ni da yara huɗu a ɗakin laka. An yi 'yar girgiza, bango ya tsage a kusurwa, tun ranar barci ya ƙaurace min. Ba ni da kuɗin bulo. In rushe ne?"

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Ki fara duba tsagar da rana. In siririya ce kamar zare, a kan yaɓe kawai ta tsaya, ki kwantar da hankalinki. In kuwa ta raba kusurwar daga sama har ƙasa, yatsa na shiga, to ku kwashe shimfiɗa ku kwana a waje har a gyara.

Kada ki rushe. Abin da ya kashe mutum fiye da 26,000 a birnin Bam na Iran da asubahin 26 ga Disamba 2003, akasari rufi ne mai nauyi a kan bangayen da ba a ɗaure su da juna ba. Kowane bango ya kama gabansa, rufi ya sauko kan masu barci. A yankin Kutch na Indiya kuwa, a girgizar 2001, zagayayyun ɗakunan laka masu rufin ciyawa da yawa sun tsaya. Saboda haka ki nemi a rage ƙasar da ke kan rufin, wadda ake ƙara mata kwaɓi duk shekara don tsoron yoyo har ta zama kaya. Sai a zagaye saman bango da katako, a haɗa shi da ƙusa a kowace kusurwa, ya zama kamar ɗamara. In da hali, a huda bangon a naɗe shi da igiyar nailan tsaye da kwance, ciki da waje, kamar raga, sannan a yaɓe. Injiniyoyin Jami'ar Katolika da ke Lima a ƙasar Peru sun gwada wannan dabara a kan teburin da ke jijjiga gini. Bangon yana tsagewa, amma igiyar na riƙe gutsattsarin har mutane su samu fita. Ki kuma janye shimfiɗar yaran zuwa kusa da ƙofa.

Wasiƙa ta biyu ce ta ɓata min rai. Mai ita ya ce: "Na tara 'yan kuɗi. Wani dillali ya kawo min siminti da rodi ƙasa da farashin kasuwa sosai. Ina so in zuba dakin, wato rufin kankare, a kan bangon lakata, in yi filasta da siminti, gida ya zama na zamani. Me ka gani?"

Malam, na ga kabari mai fenti. Dakin na kankare a kan bangon laka, dutse ka ɗora wa iyalinka a ka, kana jiran ranar da ƙasa za ta motsa. Ƙarfin da girgiza ke bugun gini da shi yana ƙaruwa ne da nauyin ginin, musamman nauyin da ke sama. Filastar siminti kuma ba ta shiri da laka. Tana kulle danshi a ciki, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana ta ɓamɓaro fai-fai. Yaɓen laka da ciyawa, ko na farar ƙasa, shi ke barin bango ya sha iska.

Sai batun dillalinka. Ka tambayi kanka, me ya sa ya fi kowa tausayinka? Simintin da ya daɗe a sito yana shan danshi, ƙarfinsa na raguwa, bayan wata uku ma sai an yi hattara da shi. Akwai masu farfasa wanda ya daskare su tankaɗe, su haɗa da ƙura ko toka, su sake ɗinke buhu. Ka buɗe buhu ɗaya a gabansa, ka zura hannu har gwiwa. Na kirki za ka ji shi da sanyi da laushi kamar gari. In ka ci karo da dunƙulen da ba ya murƙushewa da yatsa, ka ce masa sai anjima. Rodi kuma kada ka yarda da lambar da aka faɗa maka da baki, ka auna kaurinsa, ka sa a lanƙwasa guda ɗaya kana tsaye. Wanda aka narka daga tarkacen ƙarfe ba bisa ƙa'ida ba yakan tsage a wurin lanƙwasar, alhali a lokacin girgiza aikin rodi kenan, ya lanƙwashe bai karye ba.

Na taɓa tsayawa a wurin wani mai buga bulo, na ɗaga guda ɗaya daidai ƙirji na sake shi. Ko ƙara bai yi ba, ya zama tarin yashi. Mai wurin ya dube ni ya ce ai bai gama bushewa ba ne. Bushewar ce ma ta kashe shi. Siminti da ruwa yake yin ƙarfi, yana son a riƙa shayar da shi aƙalla kwana bakwai. Kai da matan gidanka ke tafiya mai nisa kafin su samo na sha, ina za ka samu na shayar da dakin safe da yamma? Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muka ɗauki siminti kamar laya, da an ga toka-tokar nan a bango sai a ce gida ya yi ƙarfi. Girgizar Turkiyya da Siriya ta 6 ga Fabrairu 2023 ta ci rayuka fiye da 50,000, kuma gine-ginen kankare ne suka rufta wa mafi yawansu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

In kana son kuɗin nan su yi maka amfani, sayi siminti kaɗan na gaske a wurin wanda in kaya suka ɓaci za ka same shi a shagonsa. Ka zuba shi a harsashi na dutse da zai ɗaga bango daga danshin ƙasa, da ɗamarar saman bango. Rufi ya zama marar nauyi, kwano da silin na tabarma ko ciyawa saboda zafi. Tsayin bango kada ya wuce kaurinsa sau takwas, ƙofa da taga kada faɗinsu ya haura mita 1.2, kuma a nisanta su da kusurwa. Tubalin ma ka gwada shi. Mulmula ƙwallayen laka ƙanana, ka bar su su bushe kwana biyu, in ka iya murƙushe su tsakanin yatsu biyu to yumɓun ƙasar bai isa ba, nemi wata.

Wani matashi ya ce ya ga bidiyon gida da buhunan ƙasa, yana tambaya ko yaudara ce.

Ba yaudara ba ce, ɗan'uwa. Nader Khalili, masanin zanen gini ɗan asalin Iran, shi ya yaɗa ta daga Kalifoniya, har ta ci lambar Aga Khan ta gine-gine a 2004. Ana cika buhu da ƙasa mai ɗan danshi, a jera, a daddaɓe sosai, a shimfiɗa waya mai ƙaya layi biyu tsakanin kowane jeri don kada buhunan su zame. Ba ta cin ruwa kamar kwaɓin tubali, wannan kuwa babban abu ne a wurinku. Sai dai bidiyo ba ya nuna gumi. Aikin na son hannuwa da yawa, rana kuma na cinye buhu cikin 'yan watanni in ba a yi saurin yaɓewa ba. Kada ka yi rowar wayar, kada ka zuba busasshen rairayi zalla, kuma ka fara da ɗan ɗakin ajiya zagayayye kafin ka sa iyali a ciki.

Na ƙarshe yana tambaya ko zai iya ɗora bene a kan ɗakinsa na laka, don maƙwabcinsa ya yi, kuma wane launin fenti ne ya fi dacewa.

A'a. Hawa ɗaya ake yi da laka a inda ƙasa ke girgiza. In fili kake nema, gina wani ɗakin a gefe. Fenti kuwa, shafa wanda ka ga dama.