Tambayoyinku Ga Likita: Allurar Ƙyanda, Hangum Da Rubela Ga Manya

Tambaya: Likita, shekarata 27, zan tafi karatu Ingila, an ce in kawo shaidar allurar MMR. Katin rigakafina ya ɓace tun ina yaro. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, ko da katin ya fito ba zai wadatar ba. A lokacin da aka haife ka, ta ƙyanda kaɗai ake yi wa yara a Najeriya, sau ɗaya suna wata tara. MMR kuwa ta haɗa ƙyanda, hangum da rubela. Ka je asibiti a yi maka guda biyu, tsakaninsu aƙalla kwana 28. Maimaita ta ba ya cutarwa, sai dai ɗan zazzaɓi ko tsamin hannu.

Tambaya: Ni amarya ce, ina fatan samun rabo. Wata ungozoma ta ce in nemi allurar rubela. Dole ne?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka wa ungozomar nan da alheri. Rubela ba ta cika wahalar da babba ba, ƙuraje ne kaɗan da zazzaɓi na kwana uku, wata ma ba za ta san ta yi ba. Ɗan cikin shi ne abin ji. Idan ta kama mace a watanni ukun farko, jarirai kusan 9 cikin 10 kan taɓu: kurumta, yanar ido, ko ciwon zuciya. Na taɓa duba jaririn da ƙwayar idonsa ta yi fari kamar madara, mahaifiyarsa na ta ƙoƙarin tuna ko ta yi wani ciwo da cikinsa. Abin ya tsaya mini a rai.

Ki yi allurar tun kafin ciki, sannan ki dakata wata guda. Ba a yi wa mai juna biyu, domin ƙwayar cutar da ke cikinta rayayya ce da aka raunana. In har cikin ya riga ya shiga, ki bari sai kin sauka lafiya, shayarwa ba ta hana ta.

Tambaya: Ɗana ya yi hangum. An ce in ya kama namiji babba ba ya sake haihuwa. Gaskiya ne?

Amsa: An ƙara gishiri. Yakan kumbura maraina ga kusan mutum 3 cikin 10 na baligan da ba su da rigakafi, da zafi sosai, amma rasa haihuwa gaba ɗaya ba kasafai ba ne. Ka ware wa yaron kofinsa da cokalinsa, ya zauna a gida kwana biyar daga ranar da kumatunsa suka kumbura.